Amsar tambayarka kan aikin gidan abinci, ƙanina

Salam ƙanina. Na ga tambayar da ka yi min a Facebook gaban jama'a, wai me ya sa na bar aikin babban gidan abincin nan mai rassa ko'ina a Legas, kuma kai da ake nema maka ka karɓa ko a'a. Toh bari in amsa maka a fili tunda yaranmu da yawa a Agege da Idi-Araba suna wannan layin.

Wallahi ba wahalar aiki ce ta kore ni ba, mun saba. Tsayuwa gaban tukunyar suyar kaji tun safe har dare, mai yana fallatso maka a hannu, ka tashi sha ɗaya saura kana neman danfo a Obalende, duk na jure. Abin da ya ci min rai shine ban san waye ubangidana ba. Rigar kamfani nake sawa amma wai ejan, wato mai kawo wa kamfani ma'aikata, shi ne ya ɗauke ni, in albashi ya makara manaja ya ce je ka wajen ejan, ejan ya ce kamfani bai sako kuɗi ba, kai kuma mai gidan haya yana ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Sai maganar shoteji. Ƙarshen wata a ƙirga kaya a ce cinyoyin kaza sun yi ƙasa, a raba asarar kan kowa har da mai wanke-wanke da ko sito bai taɓa shiga ba. Ranar da mai ya ƙona ni a damtse, tabon na nan har yau, supabaiza cewa ya yi in shafa man goge baki in koma bakin wuta saboda oda ta taru. Sallar Juma'a kuwa sai ka roƙi abokin aiki ya riƙe maka, kamar alfarma ake maka.

Abin da ban sani ba lokacin, dokar ƙwadago ta ce a ba ka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da farawa. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma ya hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Fansho kai a cire maka 8 cikin ɗari na albashi, kamfani ya zuba 10, ni an yi ta cire nawa ban taɓa ganin alat ko ɗaya ba.

Ban ce kar ka karɓa ba, na san halin da gida ke ciki tun da aka cire tallafin mai a 2023. Amma kafin ka sa rigar nan ka tambaye su wa zai biya ka, awa nawa, ranar hutu yaushe, su rubuta su sa hannu. Ka ɗauki hoton takardar ka turo min ta WhatsApp mu duba tare. Ka gaida Umma.