Wasiƙa daga Jos: Dan Allah a daina fesa fiya-fiya a kan fulawar cikin ɗaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, mu dai nan Jos sanyi ya fara shigowa da ƙarfinsa. Na daɗe ina bin shafinku na noma kuma ina ƙaruwa sosai, amma kullum maganar masara ce da shinkafa da taki da tarakta, mu da gonarmu bata wuce tukwane goma sha ba a baranda da bakin taga babu mai tunawa damu, alhali ƙwaron da ke cin albasa a fadama shi ne dai yake biyo mu har falo. Shi yasa nace bari in rubuto abinda ya same ni bara ko wata zata tsira.

Ina da tukwanen shuka a gida, ros kala biyu, alobera, da wannan mai yaɗon da ake sawa a kwalba ganyenta kamar zuciya, sai na'ana'a da ɗoɗɗoya na shayi da miya, da attaruhu tukunya ɗaya. Jar ros ɗin nan daga gidan mahaifiyata na yanko reshenta tun tana raye, Allah ya jiƙanta, kullum da safe ita nake fara dubawa. Toh wajen watan Nuwamba na sayo wata sabuwar fulawa wajen masu jerawa a bakin titi, ina zuwa gida na tura ta cikin sauran ko duba ƙasan ganyenta banyi ba. Ba'a yi sati uku ba naga ganyen ros ɗina yana wani fari-fari mai ƙyalli kamar inda katantanwa ta bi, sabon toho yana fitowa a murɗe, furen kuma kafin ya buɗe bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar an kara masa ashana. Na ɗauka iskar hunturu ce, na dinga ƙara mata ruwa safe da yamma, abu sai gaba yake yi.

Wata ce a unguwa tace min ai ƙwari ne, in samu fiya-fiya in ɗiga a ruwa in fesa, dare ɗaya an gama. Na biye mata. Da yake sanyi ake na shigo da tukwanen falo, tagogi a rufe, na fesa bayan isha'i. Ranka ya daɗe wannan daren bazan manta dashi ba, autana yana da asma, wajen ƙarfe ɗaya ya tashi da tari numfashinsa yana fita da ƙara kamar usur, ni kaina idona yana zafi kaina yana sarawa, haka maigida ya ɗauke shi a mota muka nufi asibiti cikin wannan sanyin. Allah ya taƙaita, washegari muka dawo gida. Na'ana'a da ɗoɗɗoyar duk na tuge na zubar don ba zan iya sawa iyalina su a baki ba. Abinda ya fi ƙona min rai kuma, bayan kamar kwana goma sai ga ƙyallin nan ya dawo a sabbin ganye, wato na sa ran yarona a hatsari kuma ƙwaron yana nan daram.

Ɗan maƙwabciyata ne ya fitar dani daga duhu, yayi karatu a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos. Yana ganin ganyen yace, Mama kawo farar takarda. Ya tara ta a ƙarƙashin reshe ya ɗan kaɗa, sai ga wasu abubuwa sirara kamar ƙaiƙayi sun zubo, ina kallo suka fara tafiya, wasu ruwan ɗorawa wasu baƙi-baƙi. Ya juya min bayan ganyen ya nuna min ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa masoro, yace kashinsu kenan. Masana suna ce masa tirips, tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma irinsa sun haura 6,000 a duniya, akwai wanda ke addabar albasa, akwai mai kakkaɓe furen wake manomi ya tashi a tutar babu, wasu ma suna ɗauko cutar bairos su sawa tumatir. Yana huda fatar ganye ne ya tsotse ruwan ciki, wurin sai ya zama fanko iska ta shiga, shi ne wannan ƙyallin da nake gani.

Dalilin da yasa feshi ɗaya baya gamawa dashi kuwa, macen tana tsaga ganye ne ta saka ƙwai a cikin naman ganyen, inda magani baya kaiwa. Cikin ƴan kwanaki ƴaƴan su ƙyanƙyashe su ci su ƙoshi, sannan da yawansu su faɗo cikin ƙasar tukunya su kwanta har suyi fiffike su sake hawowa. In da ɗumi, sati biyu zuwa uku ya ishe su daga ƙwai zuwa babba, kuma irin na albasar nan macen bata ma buƙatar namiji kafin ta hayayyafa. Kenan duk ƙarfin gubar da kika fesa, na kan ganye kawai kika samu, na cikin ƙwai da na cikin ƙasa suna nan suna jiran lokacinsu. Aikin na naci ne na wajen wata guda.

Ga yadda mukayi. Da farko muka raba masu ciwon da masu lafiya, sabuwar fulawar da ta kawo abin kam ta riga ta lalace, a leda muka ƙulle ta aka kai bola. Ros ɗin na yanke duk furanninta da tohon da ya murɗe, wallahi hannuna yana rawa na yanke, amma cikin fure suka fi ɓuya. Na fitar da ita tsakar gida na wanke ta da ruwa mai ɗan ƙarfi musamman bayan ganye, na kwashe ƙasar saman tukunya kamar kaurin yatsu biyu na zuba sabuwa. Sai feshin dogon yaro, wanda mutanen Kano ke cewa darbejiya. In man ƴaƴansa kika samu, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a ruwa lita ɗaya, da ɗigon sabulun ruwa kaɗan don man ya haɗu da ruwan, ki girgiza ki fesa sama da ƙasan ganye har ya jiƙe. In ƴaƴan ne, a ɓare a daka kamar giram 50 a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace da ƙyalle. Da yamma ake fesawa, saboda rana tana kashe ƙarfin maganin kuma mai a kan ganye cikin rana yana ƙona shi, sannan ba'a ajiye ragowa, duk ranar feshi sabo ake haɗawa. Kuma dan Allah banda omo, yana cin ganye. A fara gwadawa a ganye biyu a jira kwana ɗaya a gani. Ni duk bayan kwana biyar zuwa bakwai nake maimaitawa, sai da nayi sau biyar.

Ya kuma koya min tarko, kwali mai launin shuɗi a shafa masa basilin a soke a tsinke kusa da shukar, tirips suna son shuɗi sai su manne. Ba zai ƙarar dasu ba, amma da shi nake gane ko suna raguwa, satin farko kwalin ya cika, a sati na biyar guda biyu na ƙirga.

Da na fara duba bayan ganye sai na gane ashe ba su kaɗai bane. Attaruhun yana da darba, ƙananan ƙwarin nan masu taruwa suna tsotsar ruwan shuka, a kan toho, ganyen yana danƙo tururuwa na ta hawa da sauka, ashe zaƙin da darbar ke fitarwa suke sha har suna gadinta, saboda haka in kinga tururuwa sunyi layi a jikin shuka ki bi su ki ga inda suke zuwa. Ruwan sabulu ya ishi darba. Akwai wani fari kamar an liƙa auduga a lungun ganye, shi auduga nake tsomawa a sifirit in goge shi ɗaya bayan ɗaya. Da hunturu kuma akwai wani jan gizo-gizo ɗan mitsitsi mai son ƙura da bushewa, ganye yayi ɗigo-ɗigon rawaya da ƴar yana siririya, maganinsa yawan wanke ganye. Ƙananan ƙudajen da suka dinga tashi daga tukwanena kuwa ni na jawo su da yawan ban ruwan nan, ina barin saman ƙasar ya bushe suka ragu.

Wannan mai kama da audugar ma ɗan uwansa ne ya kusa gamawa da rogon Afirka a shekarun 1970 bayan ya shigo daga Kudancin Amurka, kuma ba guba ce ta kawo ƙarshensa ba, masana a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan wani ɗan ƙaramin zanzaro suka ɗauko daga can ƙasarsa ta asali suka saka, har jagoran aikin Hans Herren ya samu kyautar abinci ta duniya a 1995. A barandarmu ma akwai ƙwarin da ke cin waɗannan mugayen, irin ɗan jan nan mai ɗigon baƙi a baya, kuma fiya-fiya har dasu take haɗawa.

Roƙona gare ka Malam Edita guda biyu ne. Ku ware mana ko rabin shafi ne a wata, ku nemo masani daga Jami'ar Jos ko cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT yayi bayani da Hausa, da hotuna manya yadda mace zata gane ƙwaron da idonta. Sannan ku tunawa mutane cewa tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan gubar a kasuwanni, don ta gona ce, ba ta ɗakin da yara ke kwana ba, amma har yau ana ƙulla ta a kwalba ba ko takarda a jiki ana yawo da ita. Masu sayar da fulawa suma su ji tsoron Allah su dinga duba kayansu, mu masu saye kuma duk sabuwar shuka a ajiye ta gefe ita kaɗai sati uku kafin ta shiga cikin sauran, ni yanzu bayan kicin nake ajiyewa.

Ros ɗin Inna tayi wata biyu ba fure ko ɗaya, sai da ruwan farko ya sauka a Afrilu ta fitar da guda uku, ganyen kore shar. Farar takardar tana nan a ƙarƙashin tukunyar, duk Juma'a da safe sai na kaɗa na duba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karanta ku kullum,
Wata malamar firamare daga Rikkos, Jos.