Masu ɗaukar bidiyo a karkara, ku bar falon tayil

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da samarinmu masu ɗaukar bidiyo a waya, musamman na nan yankin Ringim da Taura da Garki, don yanzu kusan kowane gari akwai masu yin wasan barkwanci ko fim mai dogon zango suna ɗorawa a YouTube da TikTok, hoto kam tubarkalla, amma murya sai ka rantse daga cikin rijiya mutum yake magana.

Abin da na lura shi ne da zarar an tashi ɗauka sai a tafi aron falon wani alhaji da ya gama sabon gini, tayil a ƙasa, siminti a bango, silin roba a sama, ba labule ba komai, wai don a ga ƙawa. To ai irin wannan ɗakin shi ne ya fi kowane dawo da murya. Sauti yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, a ɗaki mai faɗin mita 4 kafin daƙiƙa ta cika ya kai ya komo tsakanin bango da bango sama da sau 40, in babu abu mai laushi da zai shanye shi duk sai ya afka cikin makirfo ya cakuɗe da maganar.

Gwajin ba wuya, ka tsaya tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, in ka ji ƙarar ta ja wutsiya to da gyara. A shimfiɗa kafet ko darduma, a jingina katifa a bangon da mai magana yake fuskanta da kuma na gefe inda kyamara ba ta gani, a rataya bargo a taga da ƙofa, kuma kar a manna shi da bango, a bar ɗan fili tsakani ya fi shanyewa. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ma da wasu ke rainawa ya fi falon nan sau nawa, haka ɗakin amarya da ke cike da gado da kujeru da labulaye, sai dai fa a nemi izinin angon tukuna. Kiret ɗin ƙwai da ake ta mannawa a bango kuwa ni ban ga amfaninsa ba, bai da kaurin da zai tare komai, ɓata bango ne kawai.

Sannan makirfo. Wayar da ke can nesa kan sanda amon ɗaki take kwasa. A samu ɗan ƙaramin nan na maƙalawa a riga, ya zama kamar taƙi ɗaya daga baki, in babu a sa waya ta biyu kusa da mai magana a haɗa sautin daga baya. Duk sanda ka rage tazara da rabi murya tana ƙaruwa da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) alhali amon ɗakin yana nan yadda yake. A kashe fanka, janareto a kai shi bayan gida.

Masu ɗaukar tafsiri da azumi su ma abin ya shafe su, masallatanmu yanzu duk tayil ne ga lasifika ta ko'ina, gara a ja waya kai tsaye daga amfilifaya.

Masu cewa a bari za a gyara a CapCut (manhajar gyaran bidiyo) kuma, ƙarar fanka tana raguwa, amma amon da ya riga ya shiga cikin magana in ka matsa masa sai muryar ta shaƙe, gara a ɓata minti goma ana jan katifa kafin a kunna kyamara.

Naku mai karatu,
daga ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa