A Duba Furosesa Kafin A Ƙirga Kuɗin Laftof

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Gyaran kwamfuta nake yi kusa da kasuwar Wunti. Ɗalibai kan kawo min laftof 'yan gwanjo, wai in ɗora musu Windows 11, alhali wasu ko za a kwana ana yi ba za su ɗauka ba. Windows 11 sai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai 64-bit yake hawa, kuma galibin na Intel da Microsoft ta amince da su daga zubi na 8 suka fara. Ga Windows 10 an janye masa tallafi tun Oktoban 2025.

Don Allah mai saye ya buɗe msinfo32, manhajar Windows mai nuna bayanan kwamfuta, tun a shago. In ya ga x64, wato mai 64-bit ne, da sauƙi, saura ya duba zubin furosesan. In ARM64 ne, wato wani nau'in furosesa daban, sai Windows ɗinsa na musamman. 'Yan kasuwa kuwa girman RAM kawai suke zuzutawa.

Wani mai gyara,
Wunti, Bauchi