Don me aka tsallake Umaru?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Asabar. Baƙon nan naku ya kusa cinye awa guda yana ƙirga tituna da gadoji, wane ya shimfiɗa kaza, wane ya gina kaza. Da aka zo kan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa sai ya ce wai bai daɗe ba, babu abin faɗa. Mai gabatarwa ya ce to, aka wuce. Haba!

Ni direba ne, J5 nake ja, tumatir da kabeji nake lodi a kasuwar Farin Gada a Jos. Obasanjo yana gab da sauka a 2007 ya kai litar fetur naira 75. Umaru ya hau ya mayar da ita 70, a farkon 2009 ya sauke ta zuwa 65. Wani zai raina, ya ce naira nawa ce. Ya je ya tambayi mai cika tanki kullum. Da wannan rarar na riƙa zubin adashi, ranar kwasata na sa wa ɗakin mahaifiyata sabon kwano a Unguwar Rogo. Tsohuwa ta daina jera roba a tsakar ɗaki da damina. Allah Ya jiƙanta, har ta rasu tana sa masa albarka.

Kuma mutumin nan ya bayyana kadarorinsa duniya ta gani, ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da gyara, ya naɗa kwamitin Mai shari'a Uwais don gyaran tsarin zaɓe. Abin ya sauko har tasha. Sai da muka tsare ma'ajinmu ya karanta mana kuɗin asusu kwabo da kwabo, muna ce masa ko ka fi shugaban ƙasa ne? Yau yaron motata cewa yake kowa ya samu ya ci. A wurin wa ya koya?

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500. Adashin nan ya watse, zubi ya gagare mu. Baƙonku bai taɓo wannan ba ko sau ɗaya.

Sannan layin nan da kuke cewa a kira, sau tara na buga, katina ya ƙare ina jin kiɗa, amma mutum uku ɗin nan kullum suna shiga. Ku gyara.

Naku,
Direba daga Unguwar Rogo, Jos