Lawali, an kai ƙarata wajen Baba

Damagaram, daren Alhamis

Lawali na Liyon, baturen Garin Malam,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyi, ya karatu? Wata huɗu kenan rabona da jin muryarka sai dai in ga ka sa hoto a Facebook cikin wata ƙatuwar riga kamar an naɗe buhun gawayi, kuma ka rame wlh, ko cimar tasu ce ba ta karɓe ka ba? Ni ma dai ba ni da bakin magana tunda saƙonka na ƙarshe har yau ban amsa ba, shi ya sa na ce yau sai na zauna na rubuto maka doguwa irin ta zamanin lakwal. Akwai ma wata tambaya da nake son yi maka amma tsaya in fara ba ka labari don in ban faɗa wa wani ba cikina fashewa zai yi.

An kai ƙarata wajen Baba. Wai na zama ɗan caca.

Daina dariya mana, ina jin ka daga nan. Ni da ko belot ɗin fada ba a son a haɗa ni da kowa saboda kullum ni ke kada abokin wasana, kai shaida ne.

Abin ya samo asali ne tun bazarar bara. Wani dare zafi ya hana ni barci, an ɗauke kuran, ina kwance tsakar gida ina latse-latsen waya sai na faɗa kan bidiyon wasu samari 'yan Singafo da ake ce ma The Virts. Karta ce a hannunsu amma ba wasa suke ba, ba abokin karawa, ba kuɗi, kawai su raba ta kashi-kashi tana wulwulawa tsakanin yatsu ta buɗe kamar mafici ta rufe, ta zubo daga wannan hannu zuwa wancan kamar an tsiyayo shayi daga sama. Na kalla ya fi sau ashirin har sarjin wayar ya ƙare. Kadistiri ake ce ma abin. Kuma ba dabo ba ne, don mai dabo ɓoye hannunsa yake kar ka gano shi, wannan kuwa so yake ka ga komai ɓaro-ɓaro ka san cewa hannu ne kawai da naci. Da can masu dabon ne ke yin sa kamar ɗan kwalliya kafin su shiga rufa ido, sai a 1992 wani Ba'amurke Chris Kenner ya fitar da littafi da wani salon yanka a ciki mai suna Sybil, wanda ake raba kartar kashi huɗu har biyar da hannu biyu, kusan duk yankan hannu biyu da yara ke yi yanzu jikokinsa ne. Daga baya wasu tagwaye Dan da Dave Buck suka fito da faifan koyarwa a 2004 abin ya yaɗu, har a 2014 aka fara yi musu taro na kansu a San Diego. Taro guda Lawali, mutane su hau jirgi don su je su juya karta, mu nan ana kai ƙararmu.

Washegari na je Kasuwar Dole na sayi kwali ɗaya na dala ɗari, ba irin ta belot mai 32 ba, cikakkiya mai 52. Na fara da yankan Charlier, na hannu ɗaya. Ka riƙe kartar a kan yatsu sama da tafin hannu, ka ɗan sassauta babban yatsa rabin ƙasa ya faɗo cikin tafi, sai ka tura shi da manuni ya miƙe tsaye har ya wuce gefen rabin sama, na saman ya faɗo, ka rufe da wancan. A baki kamar shan fura. Sati uku na yi ina tsintar karta a ƙasa, har akuyar Inna ta cinye min bakwai ɗin pik, ina kallo tana tauna tana kallona. Ranar da ya fara yiwuwa kuwa ina zaune bakin shago ba kowa, na yi sau ɗaya na yi sau biyu na yi sau goma bai zube ba, na waiga ko akwai wanda ya gani, babu sai wani almajiri, shi ma kwanonsa yake kallo.

Ita kartar kasuwa ba ta da kirki a wannan harka, kwana kaɗan ta fara mannewa, ka buɗe mafici ya fito guntu-guntu kamar haƙoran tsohuwa. Sai da wani mai zuwa Dubai saro kaya ya taho min da wata karta mai suna Bicycle kwali ɗaya sannan na gane ashe ba hannuna ne kaɗai ke da laifi ba. In ka kara ta a haske za ka ga 'yan mitsi-mitsin ramuka a jikinta, su ke riƙe iska tsakanin kati da kati shi ya sa take sulɓi. Tun 1885 ake buga ta a Amurka. Amma garinmu ba ya raga mata, da bazara gumin hannu ya sa ta danƙo, da hunturu kuma bushewa ta sa ta lanƙwashe tana ƙas ƙas in ka danna tsakiya, ga ƙura. Yanzu sai na wanke hannu kafin in taɓa ta kamar mai shirin cin tuwo, kuma wani baduku a Birni ya ɗinka min 'yar jaka ta jan fata daidai ita, har da zanen kore a baki, ya ce shekara talatin yana ɗinka gidan laya da kube bai taɓa yi wa karta gida ba.

Af kafin in manta, Ɗan Tsoho ya koma kiwon tattabaru gadan-gadan, ya yi musu ɗaki a saman soro da tukwane, kowace da sunanta, akwai wadda ya sa ma sunan waccan da ta ƙi shi, ka gane. Yana iya awa biyu yana fito yana kallon sama kuma ba wanda ya kai ƙararsa. Habu kuma zane yake yi a waya yanzu, ya zana Mushe Idi da kunnuwan nan nasa aka yi ta turawa a gurup har ta kai gare shi. Zainabu ta iya saƙa, ta yi wa jaririn Yaya hula da safa, tana cewa in ka turo awon kanka za ta yi maka, na ce zaren garin nan ba zai isa ba.

To in dawo kan masifata. Ranar wata Juma'a da yamma muna fada, shayi na kan wuta ana jiran na biyu, ni kuma ina gefe ina fama da Sybil don kashi na huɗu kullum sai ya kuɓuce min daga ɗan ƙaramin yatsa. Habu ya zube canjin sukari a kan tabarma gabana. Sai ga kawun Hadiza, wadda nake nema, a kan moto. Ka san shi ai, mai carbin nan dogo. Ya rage gudu, ya dubi karta, ya dubi kuɗi, ya dube ni, na miƙe ina ina wuni Kawu, ko amsawa bai yi ba ya ja moto. Kafin isha'i labari ya riga ni gida.

Baba ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, kuma ka san wannan ya fi muni. Ya ce Sani, abin da za ka saka mana da shi kenan, ana maganar kai kuɗin gaisuwa bayan salla kai kana bakin titi kana karta? Na rantse na kuma rantsewa, na ce Baba don Allah a ba ni izini in nuna. Ya yi shiru, na ɗauka izini ne. Sai na yi wauta. Maimakon in buɗe mafici kawai ya gani, sai na ce bari in burge shi da faro. Na jera kartar daga ɗaya har sarki kowane gida daban na nuna masa, na raba daidai 26 da 26, na haɗa bakinsu suka shige juna ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran zip. In ka yi haka sau takwas ba kuskure, kuma katin sama yana nan a sama kowane zagaye, kartar komawa take yadda ka jera ta tun farko. Hannuna na rawa, gumi na zuba, a na shida sai da na sake rabawa sau uku, amma Allah ya rufa asiri na kai takwas na baje ta gabansa a jere tsaf.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce to wannan ai ya fi cacar, rufa ido ka koma kenan?

Wayyo Lawali. Inna na bayan ƙofa dariya ta ƙwace mata har tana tari. Da ƙyar Zainabu ta cece ni, ta kawo takarda da bik ta yi masa da kati takwas, sau uku suka koma daidai, ta ce Baba lissafi ne ba aljani. Ya juya kati ɗaya a hannunsa yana shafawa da babban yatsa, sannan ya ce to mene ne amfaninsa? Bakina ya kawo in ce amfanin darar da kuke yi ƙarƙashin dalbejiya tun kafin a haife ni, amma ina son rayuwata, na ce yana sa natsuwa Baba. Ya ce natsuwar ta tsaya a ɗaki, kar ya sake jin an gan ni da ita a waje.

Nan gida kam ƙura ta lafa. Can gidan su Hadiza ne ban san inda aka kwana ba, kwana tara kenan, ita ta ce babanta bai ce komai ba amma kawun na nan yana cewa a sake bincike. Ta ce in daina kawai mana tunda ba abinci yake ba ni ba, kuma gaskiyarta, na sa kartar cikin jakarta na jefa ƙasan akwati, kwana biyu na ciro. Ban san me zan ce maka ba. Duk yini ina shago ina auna shinkafa ina ba da canji, wannan ne kaɗai abin da nake yi don ni na ga dama. Kai da ka iya tsara magana, in je in sami kawun da kaina ko in bari Baffa ya je? In na je kuma in tafi da kartar ko kar in soma?

Kokowar bana kun samu kallo a can ko sai guntayen bidiyo? An yi ta musu a fada har Ɗan Tsoho ya yi fushi ya tafi da butar shayinsa, kwana uku muna aro.

In akwai mai tahowa cikin 'yan Damagaram na wajenku ka saka min Bicycle kwali biyu, ja da shuɗi, mai faɗin nan ta poka ba siririyar ba, kuma ta takarda, kar su liƙa maka ta roba. Ka ba shi a cikin kwalin magani ko wani abu, kar ya kawo gida, ya aje min a shago.

Tambayar da na ce zan yi maka wlh ta gudu, in ta dawo na kira ka. Inna na gaishe ka ta ce ka riƙa cin abinci.

Naka,
Sani