Wasiƙa kan makon tauraruwar autarki

Assalamu alaikum, aminiyata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya maigida da yara, ya kuma sanyin Minisota? Allah ya sa kuna jurewa. Na ga hoton takardar da malamar autarki ta aiko, cewa ita ce Tauraruwar Mako a sati na sama. Kin tambaya ko kyauta ta ci, ko kuwa sai kin yi girki kin kai. Ko ɗaya babu.

A ƙananan azuzuwan firamaren Amurka abin zagaye ne, kamar adashi. Shekarar karatu kwana 180 ce a yawancin jihohi, wajen mako 36 ke nan, yaran aji kuwa ashirin da 'yan kai, don haka kowa sai ya ɗauki kwasarsa. A Ingila ne aka fi ba da takardar yabo mai wannan suna ranar Juma'a ga yaron da ya yi ƙoƙari. Abin da malamar ke nema shi ne yarinyar ta tsaya gaban 'yan ajinsu, ta buɗe baki ta faɗi ko ita wace ce, su kuma su koyi saurare da tambaya. Za a sa ta a gaban layi in za a fita, ta raba takardu, wataƙila ta zauna a wata kujera ta musamman.

Babban aikin shi ne kwalin da za a liƙa a bango ranar Litinin. Wasu malamai kan aiko da nasu mai gurabe: suna, shekaru, launin da take so, abincin da take so, abin da take son zama in ta girma. In ba a aiko ba, ki sayi farin kwali mai inci 22 da 28, da gam na sanda, don na ruwa yana sa takarda ta yi kumburi ta yamutse. Hotuna biyar zuwa takwas sun isa, masu inci 4 da 6, irin waɗanda ake wankewa a kantunan Walgreens ko Walmart cikin awa guda. Kada ki ba da hoton da ba ki da kwafinsa, don da ƙusa ko sitefila ake kafe kwalin, ga kuma hannuwan yara ashirin.

A nan ne iyayenmu suka fi yin kuskure. Uwa ta zauna da dare ta tsara kwali tsaf da rubutunta mai kyau, da safe yarinya ta tsaya gabansa kamar baƙuwa, ba ta san abin da ke jiki ba. Ki bar ta ta rubuta da kanta, ko da haruffan sun karkace sun hau juna. Ita za ta zaɓi hotunan, ke naki tacewa. Hoton ranar suna, na kwalliyar Sallah, na kakarta a tsakar gida, duk suna da kyau. Na yankan ragon layya kuwa ki ajiye shi a waya, don akwai yaran da ba su taɓa ganin jinin dabba ba, kuka za su fashe da shi. Ku yi kwana uku kuna gwaji bayan magariba, hoto ɗaya jimla ɗaya, duka kada ya wuce minti biyar. Ki koya mata ta riƙa kallon mutane, ba kwalin ba, ta kuma faɗi sunanta a hankali yadda kuke kiranta a gida. Wannan ce damar da za a daina murɗe shi.

Akwai ranar da za ta kawo wani abu daga gida ta nuna. Ya zama wanda zai shiga jakarta, wanda kuma in ya faɗi ba za ki yi takaici ba. Faifai mai launi, ƙaramar ƙwarya da ludayi, ko ƙaramin kalangu, tun da yara na son abin da za su taɓa. Wuƙar ado, takobin wasa, bindigar roba, ko kusa kada su je, dokar makarantu a kan wannan ba ta duba niyya, ana iya dakatar da yaro. Ki shirya ta da tambayoyi ma, don sai an tambaye ta ko akwai zaki a ƙofar gidanku na Najeriya.

Sai maganar abinci, wadda na san ita ce a ranki. Makarantu da yawa ba sa karɓar abin da aka dafa a gida, sai na kanti da ke rufe, mai jerin kayan haɗi a jiki. Dalili kuwa akwai yaran da gyaɗa kaɗan ke toshe musu numfashi. Ki duba kayanmu: ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, yajin tsire, duk da gyaɗa. Kantu ma bai tsira ba, don tun 2023 dokar Amurka ta sa riɗi cikin abubuwa tara da dole a bayyana a jikin abinci. Cincin kuma ga alkama, ga ƙwai, ga madara. Ki tambayi malamar a rubuce tukuna. In ta ce a'a, fensir ko sitika ɗaya ɗaya ya wadatar, ki ƙara biyu a kan yawan yaran saboda ɓacin rana.

Sau da yawa akan ce iyaye su rubuto wasiƙa a karanta wa aji. Rabin shafi, da Turanci mai sauƙi, ki ambaci abubuwa uku da take yi da gaske, kamar jera takalma a bakin ƙofa ko rarrashin ɗan maƙwabta in yana kuka. Ki rufe a ambulan don kada ta leƙa. In an gayyace ki karanta littafi, ki zaɓi mai hotuna wanda ba zai wuce minti goma ba, ki je da katin shaida, ki isa da minti goma sha biyar kafin lokaci saboda rajista a ofis. Wasu gundumomin sai sun binciki tarihin baƙo, abin da kan ci kwanaki, to ki tambaya tun gobe. In kin ɗauki hoto a aji, kada ki sa fuskar yaran mutane a Facebook ko WhatsApp.

Wani ajin yana da 'yar tsana ta auduga da tauraruwar ke tafiya da ita gida a ƙarshen mako, haɗe da littafin da za ku rubuta inda ta je. Ranar Lahadi da dare ki saka su a jaka, don yaro na gaba yana jira da safiyar Litinin.

Ki gaishe min da maigida, ki shafa min kan autar. In an gama kwalin ki turo min hotonsa.

Taki aminiya har kullum.