Ummi, kada ki ajiye ƙuri'arki

Assalamu alaikum, Ummi 'yata. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yaran. Babanki yana gaishe ku.

Tun ranar da muka yi waya maganarki take cina. Kin ce kin gama da zaɓe, tunda a Nuwamban 2024 kashi 57 cikin ɗari na masu ƙuri'a a jiharku ta Fulorida a Amurka sun yarda a sa 'yancin zubar da ciki a tsarin mulkin jihar, aka ce sai 60, dokar da ta hana zubar da cikin da ya wuce mako shida ta zauna daram.

Kin san inda na tsaya. Ban taɓa ɗaukar zubar da ciki abin wasa ba, malamanmu na Malikiyya sun tsaurara a kansa, kuma a haka na tashi. Amma shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa a asibiti. Na ga mace jini yana ta zuba, ciki ya riga ya lalace, ana cirko-cirko ana jiran wanda zai sa hannu. Wata yarinya a hannuna ta cika, har yau ina tuna muryar mahaifiyarta a bakin ƙofa. Malamai sun ce idan ran uwa yana cikin haɗari ita ake fara ceto, dokarmu ta Arewa ma ta bar wannan ƙofar. Shi ya sa da kika ce likitocin asibitinku sai sun tuntuɓi lauya kafin su taɓa mai ɓari, barci ya ƙaurace min.

Gaskiya ne, zaɓen shugaban ƙasa kaɗai ba zai raba wannan gardamar ba. Kotun Ƙolin Amurka ce ta ba da 'yancin a 1973, ita ce ta janye shi a Yunin 2022, kuma alƙalanta tara naɗa su ake yi, sai mutuwa ko murabus. A Majalisar Dattawa kuwa dokar da za ta maido da 'yancin tana bukatar ƙuri'a 60 cikin 100, jam'iyyun biyu kuma kusan kankankan suke.

To amma kotun ta mayar da maganar ga jihohi ne, kuma nan ne hannunki yake kaiwa. A Kansas, jihar 'yan jam'iyyar Rifablikan, mutane sun fita a Agustan 2022 suka ƙi yarda a cire kariyar daga tsarin mulkinsu. A Ohayo suka rubuta ta a nasu a 2023. Dokar da take ɗaure likitocinku, 'yan majalisar jiharku ne suka rubuta ta, Gwamna DeSantis ya sa hannu. Ƙuri'a ce ta ba su kujerun, a zaɓukan da mutane da yawa suke zamansu a gida.

Ki nemi sunan ɗan majalisar mazaɓarki. Ki je inda yake ganawa da jama'a, ki gaya masa abin da idonki yake gani a ɗakin haihuwa, ki tambaye shi minti nawa likita zai jira alhali jini yana zuba. Ranar zaɓe ki yi alwala, ki roƙi Allah zaɓi, ki fita.

Ki shafa min kan yaran. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
daga Kano